Geron Shuka a Shafin Tsakiya

Bana bazara ta zo da fushi. Tun hantsi duwatsun unguwar Birni, nan Damagaram, suke shan rana, in yamma ta yi su amayo mana zafin, ga kuran, wato wutar lantarki, da ake ɗaukewa ba sallama. Ranar Lahadin da ta wuce ina kishingiɗe a rumfar tsakar gida ina fifita, 'yata A'i da ƙawayenta sun baje a tabarma sun sa ordinata, wato kwamfuta, a gaba. Ɗaliban jami'a ne, wai mujallar kiɗa da waƙa za su fitar. Tun azahar suke musu a kan wane hoto zai hau bango, wane rubutu za a ƙara wa girma, ina za a sa mai gurmi, ina za a sa 'yan rap. Da yatsa ɗaya suke jan hoto daga wannan kusurwa zuwa waccan, in bai yi musu ba su mayar. Ni dai ina jin su ina dariya a ciki, don na san wannan musun tun ba a haife su ba.

Can sai na ji A'i ta ce shafin tsakiya kam ta gama da shi. Ƙauyenmu za su je ranar kasuwa mai zuwa, su ɗauko hoton mata suna lugude, irin wanda ke manne a bangon ɗakin Kaka, wato Innata.

Ban san sanda na tashi zaune ba. Na ce, "A wannan watan?"

Ta ce eh mana, ai kafin jarrabawa suke so mujallar ta fito. Na ce ba inda za su je. Yadda na faɗi maganar da zafi har ƙawayen suka dubi juna, A'i kuma ta turo baki tana ƙunƙuni. Na koma na kwanta na ba su baya, amma maficin ya tsaya a hannuna. Kunya ce ta taso min, wata tsohuwar kunya da na ɗauka ta daɗe da mutuwa.

Lokacin ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, nan Damagaram, ina zaune gidan wani ɗan'uwan Baba a Zango. Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Dakusa, gero da gyaɗa muke nomawa. Daminar da ta gabata ta yi mana rowa. Ruwa ya sauka da wuri aka yi shuka, sai ya ɗauke daidai lokacin da gero yake fidda kai. Na san abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Baba ya tafi cin rani Kano tun bayan girbi, ya bar Inna da ƙannena. Amma duk ranar kasuwa sai Inna ta aiko min da ɗan ƙullin ƙuli-ƙuli ko garin kuka ta hannun direban motar garinmu, in na tambaye shi ya ce kowa lafiya lau. Ni kuwa na yarda, don yardar ta fi min sauƙi.

Mu uku ne muka ɗauko maganar fitar da mujallar kiɗa a lise. Akwai Mamman Sani, ɗan Birni, baki kamar rediyo, shi ya naɗa kansa shugaba ba wanda ya zaɓe shi, amma wallahi ya iya zane. Akwai Rahila, ƙawata ta ƙut da ƙut, Kirista ce, babanta ma'aikacin asibiti, tana cikin masu rera waƙa a majami'arsu. Ita ce mai aparai, wato na'urar ɗaukar hoto, na babanta ne ya ara mata da kashedi mai yawa. Sai ni Balkisa, mai rubutu, don an ce alƙalamina ya fi bakina hankali.

Mushe, wato malamin da ke koya mana Faransanci, ya ba mu wani ɗaki da ake jibge karyayyun tebura. Rufin kwano ne, da rana in ka shiga sai ka ji kamar an kife ka da tukunya. Famfon lise ya ƙafe tun farkon bazara, 'yan ga-ruwa suna yanga, kowa da ɗan bidonsa na ruwa yana lallaɓa shi. Gam yana bushewa a yatsa kafin ka kai shi takarda. Gumi yana ɗiga daga haɓar Mamman Sani ya ɓata masa zane, ya yi tsaki ya sake. A haka muka shafe makonni.

Abin da muke yi shi ake kira maket. Mamman Sani ya naɗe fararen takardu kamar yadda mujallar za ta kasance, a kowane shafi ya zana akwatuna. Akwatin da aka ja wa layi daga kusurwa zuwa kusurwa wurin hoto ne, mai ƙananan layuka kuma wurin rubutuna ne. Yaran yanzu ba za su gane wahalar ba. Fim ɗaya tak muke da shi, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Saboda haka Rahila ta kafa doka: ba za ta danna komai ba sai an zana hoton tukuna a takarda, an san wa zai tsaya ina, rana tana ta wane gefe. In ka ce ta ɗauke ka don sha'awa, sai ta harare ka ta rungume aparai ɗin kamar jariri.

Bango bai ba mu wahala ba, ko da yake mun yi faɗa a kansa. Wasu 'yan ajinmu masu rap muka ɗora a kan duwatsun Birni da wandunansu kamar buhu, suna harɗe hannu suna muzurai. Shafi ɗaya muka ba mawaƙan majami'ar su Rahila da gangunansu da kacau-kacau, ɗaya muka ba wani tsoho mai gurmi da ke zama bakin kasuwa. Saura shafin tsakiya. Mamman Sani ya ce nan ne zuciyar mujalla, don nan kaɗai takarda take shimfiɗe daga hagu zuwa dama ba yanka, hoto ɗaya zai iya cinye wurin duka. Ya ce yana son abin da ba na birni ba, kiɗan da ba makaɗi ne ke yin sa ba. Muka yi ta kawo shawara yana yatsina fuska.

Bakina ne ya ja min. Na ce ai ba su taɓa jin kiɗa ba in ba su ji luguden Innata ba. Na kwatanta musu yadda mata uku suke kewaye turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya waccan ta ɗaga, yadda Inna take cilla tata sama ta tafa ta cafe ba ta ɓata amo ba, ta buga bakin turmi ta koma ciki, tana ba da waƙa ana amsawa. Har tashi na yi ina gwadawa da tsintsiya. Ina jin daɗi, don karon farko ke nan ƙauyancina ya zama abin so a wurin 'yan birni.

Mamman Sani ya ja takarda nan take. Ya zana mata uku, taɓare a sama, turmi ɗan gefen dama don kada ninkin takarda ya raba shi biyu. A gaba, ta hagu, ya zana ƙwarya cike fal da gero har ya yi tozo. Ya ce farin geron nan shi zai riƙe idon mai karatu, a samansa kuma za a sa kanun. Rahila ta ce da hantsi za a ɗauka kafin rana ta take tsaka. Ba wanda ya tambayi wane wata muke ciki. Su a wurinsu gero abu ne na kasuwa, kullum yana nan a tiya, kwanon awo. Ni da ya kamata in tuna, zanen ya tafi da hankalina. Na aika wa Inna ta bakin direba cewa ina tafe da baƙi.

Da sassafe muka hau motar kasuwa, a baya, kan buhunan gishiri. Iska mai zafi tana dukan fuska tun rana ba ta yi nisa ba. Gonaki duk an share su, an ƙone kututtura, sun yi fayau suna jiran ruwa. Shanun da muke wucewa ana iya ƙirga haƙarƙarinsu. Kwanakin nan kullum da yamma hadari yakan haɗo daga gabas, a yi ta kallon sa, sai iska ta watsa shi. Mamman Sani yana ta zuba, yana cewa wannan fili ma ya isa bango. Ni kuwa tun da muka bar kwalta na kafa wa gonakin ido.

Da muka sauka, abin da ya fara dukana shiru ne. Ƙauyenmu da hantsi, a ce ba ƙarar turmi ko ɗaya! Tun ina yarinya wannan amon nake tashi da shi, daga wannan gida zuwa wancan. Ranar sai kukan kurciya. Muna shiga gida na ga rumbunmu an cire masa hula an jingine ta a ƙasa. Sai kuma wari ya bugi hancina, warin anza da aka jiƙa a tukunya. 'Ya'yan wani ɗan itace ne masu ɗacin tsiya, sai an yi kwanaki ana jiƙa su ana zubar da ruwan kafin su ciwu, kuma ba a neman su sai abinci ya ƙare ƙaf. Na gane komai a tsaye. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta fito da fara'arta. Ta rame, warwaron hannunta yana zamewa har gwiwar hannu. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo. Ni ce 'yar fari, saboda haka ba ta kama sunana, ba ta ma cika duban idona ba. 'Yar lakol take ce min, wato 'yar makaranta. Gwaggo Tsahara, yayar Baba, ta shigo ita ma ta zauna, ta ja tukunyar anzar da ƙafa zuwa bayan ɗaki tana yi kamar ba ita ba.

Ina neman yadda zan ja Mamman Sani gefe in ce a fasa, sai ga shi ya durƙusa gaban Inna da ladabinsa, ya warware zanen. Ya nuna mata inda za ta tsaya, inda turmi zai zauna, ya sa yatsa a kan ƙwaryar nan mai tozo ya ce ita ce ƙawar hoton duka. Ya ce Balkisa ta cika musu kunne da labarin lugudenta, duk lise an san da ita. Inna ta daɗe tana duban takardar. Sannan ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, ɗana." Ta miƙe ta shiga ɗakin Baba.

Na san abin da ke ɗakin Baba. Duk shekara kafin a sa lauje a gona, shi da kansa yake bi kunya kunya yana zaɓen zangarniyar da ta fi tsawo da cika. Ya ɗaure su da jan tsumma, ya barbaɗa toka saboda ƙwari, ya rataye a azara. Shi ne irin shuka. Daga wurin mahaifinsa ya gaje shi, gero ne mai saurin nuna, wanda ko ruwa ya ɗauke da wuri yakan ba da wani abu. A gidanmu ko yunwa za ta kashe mutum ba ya ɗaga kai ya dube shi. Sun ci anza makonni, yana rataye a kansu.

Ta fito da dami a hannu, jan tsumman yana reto. Gwaggo ta yi ƙasa da murya ta ce, "Habsu, na shuka ne fa."

Inna ta ce, "Baƙin yarinya sun zo daga birni."

Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Na yunƙura zan tashi, Inna ta dube ni. Rabon da ta dubi tsakiyar idona haka har na manta. Kallon yana cewa in zauna. In na yi magana, abokaina za su san gidanmu ba ko ƙwayar hatsi, kuma na tona wa uwata asiri a gaban baƙi bayan ta riga ta rufa shi. In na yi shiru, gonar Baba ce za ta shiga turmi. Harshena ya yi nauyi kamar dutse. Na zauna.

Gwaggo ta ƙi kama taɓarya, sai aka kira Delu maƙwabciyarmu da kishiyarta suka cika uku. Da Delu ta ga jan tsumman ta tsaya turus, sannan ta ɗaura ɗamara. Aka yi sussuka, aka sheƙe, ƙaiƙayi yana manne wa gumi. Aka yayyafa ruwa aka fara surfe. Rahila tana zagayawa da aparai a ido, tana jira. Mamman Sani ya duba zanensa ya duba ƙwarya, ya ce da za a ɗan ƙara geron ya yi tozo da ya fi. Inna ta koma ɗakin ta kawo sauran.

Sai suka fara lugude. Wallahi ban taɓa jin Inna ta yi irin na ranar ba. Mata uku da ba su ga tuwon kirki ba tun ban san yaushe ba, suna cilla taɓare suna tafi, jijiyoyin wuyansu a miƙe. Inna tana ba da waƙa muryarta tana fita tar. Amon ya fita ya bi gari. Yara suka fara leƙowa ta kan danga, manya suna wucewa ta ƙofar gida a hankali. Kowa a garin ya san ba gidan da ya rage da hatsi, saboda haka kowa ya san abin da ake dakawa. Mamman Sani ya ce a sake cillawa, taɓaren ba su tashi tare ba. Aka sake. Ya ce a ƙara sau ɗaya, Inna ta ɗan ɗaga fuska. Ta ɗaga, tana dariya. Rahila ta danna.

Tun da an surfa, ba sauran maganar shuka. Aka daka shi aka yi fura. Ba nono, shanu sun ƙafe, da tsamiya aka dama. Baƙi aka fara ba, sannan yaran da suka cika tsakar gida, ƙannena suna lashe ludayi. Mamman Sani ya shanye ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai sha fura mai daɗin wannan ba, lallai ƙauye akwai albarka. Gaskiya ya faɗa, ai zaɓaɓɓen geron shekara guda ya sha. Ni na kurɓa sau ɗaya na ajiye. Rahila ma na ga ta ajiye tata da saura, ta miƙa wa ƙanwata.

Da la'asar muka yi sallama muka nufi inda mota take tsayawa. Mun kusa kaiwa Rahila ta lalube jakarta ta ce ta bar murfin aparai a kan tabarma, babanta zai yanka ta. Na ce su jira ni, na koma da sauri. Na shiga ba sallama.

Inna tana durƙushe a inda aka yi sussuka, da rariya a hannu. Tana ɗiban yashin tsakar gida tana tankaɗewa, tana tsince ƙwayoyin geron da suka fantsama ɗaya bayan ɗaya tana sawa a ɗan ƙoƙo. Gwaggo tana gefe tana kore kaji da zani. Abin da ke cikin ƙoƙon bai rufe gindinsa ba. Na tsaya kamar an kafe ni. Inna ta ɗago ta gan ni, ta sa gefen zaninta ta rufe ƙoƙon, kamar ni ma baƙuwa ce. Ta miƙo min murfin ta ce, "Je ki, 'yar lakol, kada baƙinki su rasa mota."

Na karɓa na fita, na tsaya bayan danga na yi kuka ba sauti, na share fuska da mayafi, na koma wurinsu na ce ƙaiƙayi ne ya faɗa min ido.

Da aka wanko hotunan, na tsakiyar ya fi duk yadda muka zata. Taɓare uku a sama, hannun Inna a haɗe cikin tafi, haƙoranta fari tas, ƙwarya a gaba da tozonta. Daidai da zanen, kamar an ɗora. Mamman Sani har rawa ya taka. Muka koma ɗakin kwanon nan da almakashi da gam. Ya rubuta kanu da manyan baƙaƙe a saman ƙwaryar: Albarkar Karkara. Sai ya lura da kusurwar dama, inda Gwaggo Tsahara ta fito tsaye, hannu a haɓa, tana kallon turmin kamar mai kallon gawa. Ya ce wannan tsohuwar tana ɓata shafin, ba ta dariya. Ya sa almakashi ya yanke ta, ta faɗi ƙasa cikin tarkacen takarda. Na ce kanun ne ban so, a sa Lugude kawai. Ya ce ba ni da ido. Na daka masa tsawar da bai taɓa ji daga bakina ba, na ce ko a canza ko in janye rubutuna duka. Ya canza yana mita, har yau bai san dalili ba.

Rahila ce ta tsince guntun hoton Gwaggo daga ƙasa. Da Mamman Sani ya fita neman ruwa, ta ce min a hankali, "Balki, geron nan ba daga rumbu aka ɗebo shi ba. Na gani." Na ce ina ruwanta. Sai hawaye suka zubo min. Ta ce da ta sani da ba ta danna ba. Na ce ko ba ta danna ba ai an riga an surfa.

Muna cikin manna shafukan ƙarshe, bayan 'yan kwanaki, sai gari ya yi duhu da rana tsaka. Iska ta taso ta kwashe mana takardu, muka bi su muna dannewa da duwatsu. Sai ruwa ya ɓarke a kan kwanon, ba ka jin maganar na kusa da kai. Ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin. Duk lise aka fito fili ana ihu ana tsalle cikin ruwa, har da mushe. Ni kaɗai na zauna da gam a hannu, don na san gobe da asuba duk mai iri zai fita da sungumi, ƙasa ba ta jira. Daga baya Gwaggo ta ba ni labari. Inna, wadda ba ta taɓa roƙon ko gishiri ba, ta bi gida gida da ƙwarya tana neman irin shuka. Wasu suka ba ta ɗan abin da ya samu. Wata ta ce mata ai ta ji an yi kiɗa da nasu.

Rahila ta je ta gaya wa mamanta, ban sa ta ba. Aka aika Garagumsa wurin wani kawunta manomi, ta zo min da ƙullin iri a jakar makaranta. Na ji kamar in ƙi karɓa, amma ina! Na karɓa kaina a ƙasa, na ba direba. Kafin ya isa, ƙasa ta fara shan iska. Aka shuka dai, gauraye da na roƙo, kuma duk ba mai saurin nuna ba ne irin namu. Ruwan shekarar ma bai kai ƙarshe ba. Rabin gonar ya tsaya da kai ba ƙwaya, gidanmu suka sake ganin tukunyar anza kafin wata damina. Na ƙoƙon nan Inna ta shuka shi bayan ɗaki, ta kewaye da ƙaya, ta tsare shi daga kaji da awaki. Ya ba da 'yan zangarniyu. Daga su Baba ya yi ta tayar da irinsa kaɗan kaɗan, ya ɗauki shekaru kafin ya sake cika gona.

Da aka ba da hutu na je gida da mujallar a ƙasan jaka, ban yi niyyar fiddo ta ba. Baba ya dawo daga Kano tun bayan ruwan farko, ya tarar da azara ba komai. Bai yi wa Inna faɗa ba, ni ma bai ce min kanzil ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Da yamma yana zaune a kan buzu ya dawo daga noma, ƙafafunsa duk laka, sai ya ce an ce an buga su a takarda, in kawo ya gani. Na kawo na durƙusa na buɗe masa tsakiya. Ya goge hannu a riga ya karɓa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa a kan turmin.

Ya ce, "Gonata ce nan ciki." Ya miƙo min mujallar. "Amma hoto ya yi kyau."

Inna ta karɓe daga hannuna, ta cire shafin a hankali, ta kafa shi da ƙaya a bangon ɗakinta. Baba ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Hoton yana nan, ya yi ja saboda hayaƙi, duk jikan da ya je sai ta nuna masa yadda take cilla taɓarya a zamaninta. Ba ta taɓa gaya wa ko ɗaya abin da ke cikin ƙwaryar ba.

Ran Lahadin nan, da rana ta yi sanyi, na tashi na buɗe ɗakin ajiya na jawo buhu na fara auna gero a ciki. Na kira A'i. Na ce su je, amma wannan buhun zai riga su isa da kwana ɗaya ta hannun direba, kuma a ce saƙona ne ga Kaka, kada wanda ya ambaci hoto. Na ce in sun isa su buɗe kunne kafin su buɗe aparai, kuma kada in ji an nuna wa tsohuwar nan wani zane ko wani hoto a waya an ce haka ake so ya fito. Damina ta bara ma ba ta yi wani abin kirki ba a wajenmu, na sani, duk da in na buga waya ana ce min kowa lafiya lau.

A'i ta yi dariya ta ce, "Mama ke ma dai. Kaka ce za ta rasa gero? Ba ki ga ƙwaryarta a hoto ba?"

Na buɗe baki in gaya mata, sai na ji harshena ya yi nauyi irin na ran nan. Na ce ta riƙe min bakin buhun da kyau. Na ƙara zuba tiya ɗaya.